Yadda ake gano ma'anar kalmar su da tuƙin jirgi ta Turanci a harshen Bengali

Tambayar yadda ake gano kalmomin kamun kifi da tuƙin jirgi na Turanci a harshen Bengali ta yi ta zuwa, yawanci daga mutane iri uku: masu aiki a kasuwannin kifi da tashoshin jiragen ruwa na Saudiyya da Oman da Daular Larabawa, inda 'yan Bangaladesh suke da yawa, masu fassara takardun kaya, da ɗaliban da ke karatu a Bangaladesh. Kukansu ɗaya ne. An ba su kalma da Turanci, sun zuba ta a manhajar fassara, sun nuna wa mai harshen abin da ya fito, ya girgiza kai ko ya kawo musu wani kaya daban.

Dalili shi ne kalmomin ruwa na Turanci kusan kowace tana da ma'ana biyu ko uku, manhaja kuwa wadda aka fi amfani da ita a tudu take ɗauka. Don haka aikin ba daga kalma zuwa kalma ake yin sa ba. Daga kalma za ka tafi ga abin da take nufi, ka ga abin da idonka, sannan ka nemi sunan da mai jirgi ko masunci Bangali ke kiran sa da shi. Za mu bi matakan da kalmar "tackle", domin tana cikin maganar matuƙa jirgi, tana kuma cikin ta masunta, kuma ma'anar ba ɗaya ba ce.

Abin da za ka tanada

Waya mai intanet, da allon rubutu mai haruffan Bengali. A Gboard ka shiga saitin harsuna ka ƙara Bangla, wato Bengali, ka zaɓi tsarin da ake bugawa da haruffan boko yana juya su da kansa. Ridmik ma yana yin haka a Android, a kwamfuta kuma akwai Avro. Duk kyauta ne. Sai ƙamus biyu: na Turanci zalla wanda ke rarrabe ma'anoni da lamba, da na Turanci zuwa Bengali. Biyun da aka fi dogara da su su ne na Bangla Academy da ke Daka, babban birnin Bangaladesh, wanda ya fito a 1993 ƙarƙashin jagorancin Zillur Rahman Siddiqui, da na Samsad da ake bugawa a Kolkata ta Indiya. Na Samsad na Bengali zuwa Turanci yana intanet kyauta a rumbun ƙamusoshin Kudancin Asiya na Jami'ar Chicago. Kuɗin da za ka kashe bai wuce na data ba, sai ɗan abin da za ka kyautata wa wanda zai tabbatar maka a ƙarshe. Lokaci ne ainihin tsadar: kalma ɗaya mai rikici ka ware mata rabin awa.

A nan an rubuta kalmomin Bengali da ƙa'idar Hausa. Harafin c shi ne na "ciki". In ka ga h bayan baƙi, kamar a "jh" ko "ch" ko "dh", ana furta baƙin ne da hucin iska.

Mataki na 1: Kwafo jimlar gaba ɗaya

Kada ka ɗauko kalmar ita kaɗai. Rubuto jimlar da ta fito a ciki, da wadda ke gabanta, ka kuma lura da irin takardar: jerin kayan shago ce, littafin gyaran jirgi ne, ko sanarwar hukuma. Kalmomin da ke maƙwabtaka da ita su ne ke tona asirinta. In "tackle" na tare da "rod" ko "hook" ko "shop", maganar kayan su ake. In tana tare da "block" ko "hoist", maganar igiya da ƙafafun ɗaga kaya ce. In an ce "ground tackle", anga ake nufi da sarƙarta da igiyarta.

Gargaɗi: in a baki ka ji kalmar, ka nemi a rubuta maka. Tsofaffin matuƙa na Ingila suna furta wannan kalma kamar "tekul" da jan wasali, wanda bai saba ba sai ya zaci wata ce dabam.

Mataki na 2: Tsayar da ma'ana ɗaya, ka faɗe ta da Hausa

Buɗe ƙamus na Turanci zalla. Nemi ma'anar da aka yi wa alamar "naut." ko "nautical", wato ta harkar jiragen ruwa, ko wadda aka ce ta masunta ce. Sannan ka rubuta wa kanka jimla guda da Hausa wadda ke bayyana abin. Ga "tackle" jimlolin za su zama huɗu. Ta farko: kayan kamun kifi da fatsa, wato sanda da zare da ƙugiya da dalma. Ta biyu: igiyar da aka zura ta cikin ƙananan ƙafafu masu kwarmi, irin na bakin rijiya, don ɗaga abu mai nauyi ko jan ƙyallen da iska ke tura jirgi da shi. Ta uku: tare ɗan wasa a ƙwallo. Ta huɗu: tunkarar matsala.

In ka kasa rubuta wannan jimla, ba ka fahimci kalmar ba tukuna, kuma babu ƙamus na Bengali da zai cece ka. Koma ka nemi hoton abin har sai ka iya kwatanta shi da wani abu da ka sani a bakin kogi. Wanda ya san bambancin birgi da taru da kalli ya riga ya yi rabin aikin, domin masuntan Bengal ma haka suke raba ragoginsu, kowace da sunanta.

Mataki na 3: Shiga ƙamus na Turanci zuwa Bengali

Yanzu ne lokacinsa. Karanta shigar kalmar tun daga farko har ƙarshe, ka tsallake duk ma'anar da ba ta dace da jimlarka ta Hausa ba. Ma'anonin ruwa sukan zo da alamar "naut." ko ɗan gajeren নৌ, wanda shi ne farkon kalmar nouka (নৌকা), jirgin ruwa ƙarami. Ga abin da ya kamata ka fito da shi:

Kayan su: mach dhorar shoronjam (মাছ ধরার সরঞ্জাম). Mach kifi ne, dhora kamawa, shoronjam kayan aiki.

Igiya da ƙafafun ɗaga kaya: kopikol (কপিকল), wani lokaci a haɗa da dori (দড়ি), igiya. Tarin igiyoyin jirgi kuwa akan ce doridora.

Tare ɗan wasa: kalmar Turancin ce aka rubuta da haruffansu, ট্যাকল.

Tunkarar matsala: mokabila kora (মোকাবিলা করা). Kunnen Bahaushe zai gane ta, daga Larabci take kamar "muƙabala". Manhajar fassara na iya ba ka ita in aka saka kalmar ita kaɗai, kuma ita ce ta fi kowacce nisa da bakin ruwa.

Gargaɗi: ƙamus na son kalmomin littafi. Zai iya ba ka dhibor (ধীবর) a matsayin masunci, alhali a kasuwa jele (জেলে) ake cewa, a takardun hukuma kuma motshojibi (মৎস্যজীবী). Haka kifi: motsho a sunan ma'aikata da doka, mach a bakin kowa. In takarda kake fassarawa zuwa ofis, ɗauki ta hukuma. In magana za ka yi da mutum, ɗauki ta kasuwa.

Mataki na 4: Juya kalmar ta koma baya

Ɗauki kalmar Bengali da ka samu ka neme ta a ƙamus na Bengali zuwa Turanci. Abin da kake so ka sani shi ne ko ita ma tana da wasu ma'anonin da za su iya jefa ka cikin kuskure. Da yawansu suna da su. Jal (জাল) raga ce, amma tana kuma nufin jabu, shi ya sa ake cewa jal taka ga kuɗin jabu. Hal (হাল) shi ne abin da ake karkata jirgi da shi a baya, shi ne garmar noma, shi ne kuma hali ko yanayi. Pal (পাল) ƙyallen da iska ke turawa ne, kuma garken dabbobi ne. Car (চার) abincin da mai fatsa ke watsawa a ruwa don tara kifi ne, kuma shi ne lamba huɗu.

Ba a warware wannan da neman wata kalma. Ana warware shi da ƙara kalma ɗaya a gaba: noukar pal, ƙyallen jirgi, noukar hal, mach dhorar jal, ragar kamun kifi. Ƙarin "r" ko "er" a ƙarshen suna yana aikin da "na" ko "ta" ke yi a Hausa, sai dai mai abu ne ke zuwa da farko.

Mataki na 5: Nemi hoto da rubutun Bengali

Kwafi kalmar da haruffan Bengali, ka saka ta a binciken hotuna. Kada ka buga ta da boko, domin sakamakon zai cakuɗe da na wasu harsuna. In hotunan farko sun nuna abin da ka bayyana a mataki na 2, kana kan hanya. In sun nuna abubuwa barkatai, kalmar ta yi faɗi, ƙara mata nouka ko mach ka sake. Misali, ma'aikata da yawa sukan kira ƙafar ɗaga kaya da puli (পুলি), daga Turanci, amma in ka nemi hoton kalmar ita kaɗai wainar shinkafa mai kwakwa za ka tarar, domin sunan wani abincin gargajiya ne nasu.

Daga hoto sai ka duba jarida. Nemi kalmar a Prothom Alo ta Daka da Anandabazar Patrika ta Kolkata, ka ga ko 'yan jarida na amfani da ita a labarin masunta. Banglapedia, kundin ilimi na Bangaladesh, na da amfani na musamman a nan, domin maƙalolinta suna da Turanci da Bengali: buɗe maƙalar kayan su ko ta jiragen ruwa a harsunan biyu ka jera su gefe da gefe. Sanarwar ma'aikatar kifi ta Bangaladesh, Motsho Odhidoptor, ita ke nuna kalmar da doka ta sani.

Mataki na 6: Farfasa kalmar dunƙule zuwa sassanta

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi amfani. Mach dhorar shoronjam fassara ce daidai, amma in ka faɗe ta a shago za a tambaye ka, wanne? Masunci ba ya sayen "kayan su", ƙugiya yake saye ko zare. Don haka ka nemi sunan kowane sashe.

Na fatsa: chip (ছিপ) sanda, borshi (বড়শি) ƙugiya, shuta (সুতা) zare, fatna (ফাতনা) ɗan abin da ke yawo a kan ruwa yana nuna kifi ya taɓa, top (টোপ) abincin da ake soka wa ƙugiya, shisha (সিসা) dalma. Abin naɗe zare kuwa masu fatsa na Bengal huil (হুইল) suke ce masa, daga kalmar Turanci ta ƙafar mota, ba daga "reel" ba. 

Na raga: birgi shi ne khepla jal (খেপলা জাল), wasu yankuna kuma jhaki jal. Ragar da ake kewaye kifi da ita a ja zuwa gaɓa, irin taru, ber jal ce. Wadda kifi ke maƙalewa a idonta, irin kalli, fash jal. Behundi jal babbar raga ce mai siffar jaka da ake kafawa a bakin teku tana fuskantar igiyar ruwa. Thela jal kuwa ta turawa ce da hannu a ruwa marar zurfi.

Na jirgi: mastul (মাস্তুল) dogon sandan da ake ɗaura ƙyalle, nongor (নোঙর) anga, kachi (কাছি) igiya mai kauri ta ɗaure jirgi, roshi ko dori igiya ta yau da kullum. Abin tuƙi kashi uku ne kuma ba a musanya su: dar (দাঁড়) dogo ne da ake jingina shi a gefen jirgi a ja, boitha (বৈঠা) filafili ne na hannu, logi (লগি) gora ce da ake dogara ta a ƙasan ruwa. "Ground tackle" ke nan sai ka ce nongor da shikol, sarƙa, da kachi.

Gargaɗi: wasu sunayen suna ɗauke da hukunci. Karent jal (কারেন্ট জাল), ragar siririn zaren roba guda ɗaya, doka ta haramta ta a Bangaladesh. Jatka (জাটকা) ba wani nau'in kifi ba ne, ƙaramin kifin da ake kira ilish ne da bai kai santimita 25 ba, kuma akwai watannin da kama shi laifi ne. In kana fassara takardar ciniki, kada ka saka ɗaya daga cikinsu a matsayin kalmar gama-gari ta raga ko ta ƙananan kifi.

Mataki na 7: Duba ko kalmar Turancin ta riga ta shiga harshen da wata ma'ana

A jiragen inji da manyan jiragen teku, ma'aikata Bangali suna amfani da kalmomin Turanci da yawa yadda suke, musamman na inji da na ba da umarni. Amma wasu sun sauya ma'ana a hanya. Trolar (ট্রলার) a Bangaladesh ba lallai jirgin da ke jan raga a bayansa ba ne. Kusan duk jirgin katako mai inji ana kiran sa haka, har na ɗaukar fasinja a koguna. In takardarka jirgin jan raga na kamfani take nufi, dole ka ƙara bayani.

Akwai kuma "trawling" da "trolling". Na farko jan raga ne a bayan jirgi, na biyu jan zare mai ƙugiya ne. A haruffan Bengali sau da yawa duka biyun ট্রলিং ake rubuta su. Raba su da kanka: ka ambaci jal a na farko, borshi a na biyu. "Knot" ma haka: ƙullin igiya git (গিঁট) ne, ma'aunin gudun jirgi kuwa not (নট). "Port" in tashar jiragen ruwa ce bondor (বন্দর), in gefen hagu na jirgi ne kuwa babu ruwansa da bondor.

Mataki na 8: Kai wa mai sana'ar, da hoto a hannu

Ba kowane mai jin Bengali ba ne ya san waɗannan kalmomi. Ɗan birnin Daka da bai taɓa riƙe raga ba zai iya ba ka kalmar littafi ko ya ƙirƙira maka a take, kamar yadda ɗan birnin Kano zai yi in ka tambaye shi sassan mamari. Nemi jele, ko majhi (মাঝি) mai jan ragamar ƙaramin jirgi, ko sareng (সারেং) shugaban ma'aikatan jirgin inji.

Kada ka fara faɗa masa kalmar da ka samo, domin ladabi zai iya sa ya ce e. Nuna masa hoton ka tambaye shi: "Bhai, apnara etake ki bolen?", wato ɗan'uwa, me kuke kiran wannan? In dattijo ne ɗan Bangaladesh ka ce caca, baffa ke nan. Mutumin Kolkata kuwa dada. Riƙe apni, wakilin suna na girmamawa. Tumi na wanda aka saba da shi ne, tui kuwa ga baƙo raini ne. Sai bayan ya ba ka tasa kalmar sannan ka karanta masa taka ka ji ko ya san ta.

Tambaye shi garinsu, ka rubuta. Masuntan Citagon da Koks Bazar suna da karin harshe da mutumin Daka kansa ke wahalar ji, na Barishal da Khulna ma da nasu sunayen. Tsakanin ƙasashen biyu akwai bambancin da aka sani: ruwa pani ne a Bangaladesh, jol a Bengal ta Yamma ta Indiya, shuta da nouka na Daka su ne shuto da nouko a bakin mutanen Kolkata. In za ka iya, tambayi mutum biyu daga yankuna daban. In suka saɓa, duka biyun daidai ne, ka yi amfani da ta wanda za ka yi hulɗa da shi.

Gargaɗi kan furuci: hucin iska na canza ma'ana. Jal raga ce, jhal yaji ne. Ban da hucin iska, a kula da b da p: borshi ƙugiya, porshi maƙwabci. Car da cor ma daban suke, na biyun tsibirin yashi ne da kogi ke fitarwa. Harafin ড় da ke cikin borshi da dori da dar bai kamata ya ba Bahaushe wahala ba, shi ne r ɗin da ke cikin "ruwa" da "rana", wanda harshe ke naɗewa baya ya bugo. Roƙi mutumin ya turo maka kalmar a saƙon murya, ka ajiye.

Mataki na 9: Lambobi da ma'auni, kafin ka biya kuɗi

In fassarar ta oda ce, kuskuren da ya fi cin kuɗi a lamba yake. Huɗun Bengali, ৪, kamar 8 take a ido. Bakwai ɗinsu, ৭, kamar 9. Girman idon raga ko lambar ƙugiya da aka karanta a haka zai kawo maka kayan da ba za su yi aiki ba. Ka nemi a rubuta kowace lamba da alƙaluman boko, a kuma faɗi ma'aunin, santimita ne ko inci. Masunta sukan auna tsawo da hat (হাত), kamu ɗaya, kimanin inci 18, su auna idon raga da yatsu. Mon (মণ) na awon kifi a kasuwannin Bangaladesh yawanci kilo 40 ake ɗaukar sa, tsohon ma'aunin kuwa kilo 37 da ɗoriya ne, don haka a tambaya wanne ake nufi.

Mataki na 10: Rubuta kati ɗaya ga kowace ma'ana

Kada ka ajiye "tackle" a layi guda da fassarori huɗu a gabanta, domin bayan wata biyu ba za ka tuna wacce ta wane wuri ba ce. Kowace ma'ana katinta daban a wayarka: jimlar Turancin da ta zo a ciki, bayaninka na Hausa, kalmar da haruffan Bengali, furucinta, hoto, da yankin wanda ya tabbatar maka. Katin farko zai ce kayan fatsa, mach dhorar shoronjam, a ƙarƙashinsa chip, borshi, shuta, fatna, top, shisha, huil. Na biyu zai ce igiya da ƙafafun ɗaga kaya, kopikol da dori, wasu ma'aikata na cewa puli. Na uku zai ce anga da abin da ke riƙe ta, nongor, shikol, kachi. Ranar da za ka aika oda ko ka miƙa fassara, tura hoton tare da kalmar.